Alƙaluman Shekarun Kabewa

Ina da shekara bakwai aka fara noman kabewa a ƙauyenmu, can gabashin tsibirin Tongatapu. Ba don mu ci ba, Japan ake kai ta. Kafin nan doya da rogo da gwaza mahaifina Feleti yake nomawa a eka takwas ɗinsa, kamar kowa. Shekara biyu da zuwan kabewa ya sare itatuwan kwakwar da ke gonar don tarakta ta samu hanya, ya sayi akori-kura, ya sa wa gidanmu sabon kwano. Na tuna watan Oktoba, motoci jere a kan hanyar tashar jirgin ruwa, mata zaune suna goge kabewa da tsumma ɗaya bayan ɗaya kamar masu yi wa jarirai wanka.

Sai abin ya fara ja da baya. Wata shekara aka dawo wa mahaifina da rabin kayansa, wai sun yi ƙanana. Wata shekara ya bar su a gona suka ruɓe, har aladu suka gaji da ci. Ina da shekara goma sha huɗu ya hau jirgi zuwa Auckland da cewa wata uku zai yi. Bai dawo ba.

Na girma, na karanta ilimin tattalin arziki, na koyar da shi shekara goma sha biyu a makarantar sakandare. Da aka ba ni tallafin karatu na shekara biyu in je Canberra, a Australiya, in yi digiri na biyu, ban wahalar da kaina wajen zaɓen abin da zan bincika ba. Tambayata guda ce: me ya samu gidajen da suka noma kabewa? Su wa suka tashi, su wa suka faɗi, su wa suka watse? Na bar mijina Tomasi da 'ya'yanmu mata biyu, na tafi.

Malamar da aka ba ta duba aikina sunanta Dakta Bronwyn Keogh, mace mai saurin magana, wadda tun ranar farko ta hana ni ce mata Dakta. Ta karanta shafi biyun da na rubuta, ta ajiye.

“Tambayar ta yi kyau, Losaline. Ina alƙaluman?”

“Zan nemo su.”

“Kowa haka yake cewa a watan farko. Je ki wurin Gordon a laburare. In suna duniya, shi zai san inda suke. In babu, ya fi ni iya faɗa wa mutum ba tare da ya yi kuka ba.”

Gordon dogo ne mai sanƙo, gajeren wando yake sawa ko ana tsananin sanyi. Shekara talatin ya yi yana nema wa ɗalibai alƙaluma. Ya jawo mini kujera kusa da tasa, ya dinga buɗe rumbunan bayanai a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, na cinikin ƙasa da ƙasa, na noma, na farashin kaya, na kuɗin shigar gidaje. A kowanne sai ya gangara zuwa harafin T, ya wuce Thailand da Togo, ya tsaya a kan sunan ƙasarmu. Layukan da ke sama da namu cike suke da lambobi. Namu ɗigo biyu ne, ɗigo biyu ne, sai lamba ɗaya, sai kuma ɗigo biyu har ƙarshen shafi.

“Mene ne ɗigon nan?” na tambaya, ko da yake na sani.

“Babu,” in ji shi. “Da ladabi suke faɗa.”

Abin da muka samu a ranar lamba ɗaya ce ga kowace shekara: tan nawa na kabewa ya fita daga ƙasar gaba ɗaya. Ta hau, ta hau, ta sauko. Wannan kam ba sai na tsallaka teku ba, na gani da idona ina yarinya.

“Gidaje nake nema,” na ce. “Gida ɗaya a bi shi, kafin kabewa da bayanta.”

Ya sosa sanƙonsa. “Da daga Denmark kika fito, da yanzu na gaya miki har abin da kakanki ya karya da shi. Amma bari mu tona.”

Mun tona wata huɗu. Ƙidayar jama'a tana nan, sai dai ba ta bin gida ɗaya daga wannan zagaye zuwa wancan, kuma abin da nake so ba shi ta tambaya ba. Na rubuta wasiƙun imel sun fi sittin, zuwa ofisoshi a gida, da Suva, da Wellington, da Tokyo. Wasu ba su amsa ba. Wasu suka ce wanda ya san zancen ya yi ritaya. Wasu suka tura ni wurin wani ofis, shi kuma ya mayar da ni wurin na farko. Wata ɗaliba da teburinta ke kusa da nawa tana nazarin albashin ma'aikata a Koriya. Ina kallo ta sauko da bayanan mutum dubu hamsin na shekara ashirin kafin shayinta ya huce, sannan ta juyo tana yi mini ƙorafin cewa sun yi mata yawa.

Duk Lahadi da rana Tomasi yana kira na. “Ya kabewar, ta nuna?” haka yake tambaya, yaran suna dariya a bayansa. Nakan ce tana hanya.

A wata na biyar Gordon ya aiko a kira ni. Na same shi da wani tsohon rahoto da aka buga da keken rubutu, bangonsa ya koma ruwan ƙasa. Ya sa yatsa a kan wani ɗan ƙaramin rubutu a ƙasan shafi. An ce wata ƙungiyar manoman kabewa ta yankinmu, tare da wani mai bincike daga Australiya, Dakta Colin Ferrier, sun bi gidaje ɗari huɗu da goma sha biyu sau uku, a 1991 da 1994 da 1997. Gidajen nan dai, ba wasu ba. Ba a taɓa buga sakamakon ba.

Na karanta sau uku.

“Kada ki fara murna tukuna,” in ji Gordon. “Amma ni na fara.”

Mako biyu muka yi kafin muka gano Dakta Ferrier. Yana raye, a wani gidan kula da tsofaffi a wani gari na bakin teku, tafiyar awa uku a bas. 'Yarsa Fiona ce ta tarbe ni, ta gargaɗe ni tun a mota cewa kada in sa rai. Muka same shi a kujera kusa da taga, an rufa masa bargo a gwiwa. Da ya ga fuskata sai ya gaishe ni da harshenmu, gaisuwa cikakkiya irin ta dattawa, wadda ko matasanmu ba su iya ba yanzu. Na amsa, na durƙusa kusa da shi, na ce na zo ne a kan binciken kabewa.

“Jirgin ya iso?” ya tambaye ni.

“Wane jirgi, Dakta?”

“In bai iso Alhamis ba za su lalace.” Sai ya juya ga 'yarsa ya tambaye ta ko ita ce sabuwar nas.

Fiona ta kai ni garejin gidanta. Ta ce lokacin da suka sayar da gidansa sun cika motar shara biyu da takardu, ba su san akwai mai buƙata ba. Abin da ya rage kwali uku ne. A cikin na ukun, ƙarƙashin wasu hotuna, muka ga ƙananan faifan kwamfuta irin na da guda uku, an ɗaure su da robar da ta narke ta manne. A jikin kowanne an rubuta shekara da biro.

A ƙirji na rungume su har Canberra. Gordon ya haƙo wata tsohuwar na'ura daga ɗakin ajiya, ya yi kwana huɗu yana lallaɓa ta. Ranar Juma'a faifan suka buɗe, duka ukun.

Lambobi ne. Kowane gida layi ɗaya a kwance, ɗari huɗu da goma sha biyu cif. Kowace tambaya layi ɗaya a tsaye, ɗari da tamanin da shida. Amma a saman layukan babu tambayoyin. Abin da aka rubuta kawai shi ne V1, V2, V3, har V186. A ƙasansu 1, 2, 2, 7, 340, 0, 99.

Gordon ya gangara har ƙarshen shafin. Sannan ya ce, “Babu wata takarda a kwalin? Wadda ke faɗin wace lamba ce wace tambaya?”

“Hotuna ne kawai.”

“To mun samu amsoshi dubu ɗari biyu da wani abu, ba mu san abin da aka tambaya ba.”

Mako shida na yi ina kallon lambobin nan. Akwai layin V61, wanda a kusan kowane gida ya ragu da rabi tsakanin zagaye na farko da na biyu. Zai iya zama abin da gida ya samu a shekara. Zai iya zama buhunan taki, ko itatuwan kwakwa, ko abin da aka kai coci. A zagaye na uku kuma gida ɗari da talatin da takwas ba su da komai sai 99 daga farkon layi har ƙarshe. Na kai wa Bronwyn, ta daɗe tana dubawa.

“Ba zan bar ki ki yi zato ki kira shi bincike ba,” ta ce. “Amma in aka samu takardar tambayoyin, ko guda ɗaya ce, ko ba a cike ta ba, kin gama. Wani ne ya bi gidajen nan da ƙafarsa. Sashenmu zai ba ki tikitin zuwa gida. Mako uku.”

A gidan gwaggona Meleane na fara sauka, yayar mahaifina, don a wurinmu ba a tsallake yayar uba a je ko'ina. Na ɗaura tabarmata a ƙugu, kamar yadda muke yi don girmamawa, na zauna a ƙasa, na yi mata bayani. Tana cin rogo da ganyen gwaza da aka dafa da ruwan kwakwa, ba ta daina ba har na gama.

“Wato kin bar 'ya'yanki, kin tsallaka teku, don ki gano abin da kowace tsohuwa a layin nan za ta gaya miki kyauta.”

“Abin da tsofaffi suka faɗa ba ya shiga lissafin da suke so.”

“Lissafin naku kurma ne ke nan.” Ta suɗe yatsa. “Sitaleki kike nema. Shi ne magatakardan ƙungiyar, shi ya dinga yawo da jaka yana tambayar mutane aladu nawa gare su kamar mai shirin sata. Ofishin kam yanzu tayoyi ake sayarwa a ciki. Gobe da safe ki je, kafin ya manta sunansa.”

Sitaleki bai manta sunansa ba. Na same shi a inuwar mangwaro yana tufka igiya da zaren kwakwa a cinyarsa, tsoho mai shekara kusan tamanin, yanar ido ta rufe masa ido ɗaya. Da na faɗi ko ni wace ce sai ya ajiye igiyar.

“'Yar Feleti. Goshinsa ne. An ce kin zama babbar malama a ƙasar Turawa.”

“Ɗaliba dai. Takardun binciken kabewa na zo nema. Ko da guda ɗaya ce.”

Ya daɗe yana dubana da idonsa mai gani. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya ce in biyo shi. A bayan gidan akwai wani ɗan ɗaki da babu rufi, bango huɗu na bulo a tsaye, ciyawa ta fito a ciki.

“Nan suke, kwali goma sha ɗaya. Da ƙungiya ta mutu babu wanda ya so su, na kwaso. Shekara ashirin ina sa musu maganin gara. Matata har ta rasu tana cewa in ba ta ɗakin ta sa kaji. Guguwar bara ta ɗauke kwanon, ruwa ya yi kwana uku yana zuba. Da muka buɗe sun zama kamar kunu. 'Ya'yana suka kwashe da shebur suka zuba a gindin ayabar can.” Ya nuna da haɓa. “Ayabar kam ta yi kyau bana. Ta sha boko.”

Ya yi 'yar dariya, ni ma na so in taya shi, bakina ya ƙi.

“Da kin zo bara waccan,” ya ce.

Bara waccan ina aji ina koyarwa, tafiyar minti ashirin daga gidansa.

Muka koma inuwa. Na buɗe kwamfutata a kan tabarma, na ƙara girman lambobin, na ce ko zai tuna tambayoyin da ka.

“Na farko-farkon kam ko a kabari aka tashe ni zan faɗa. Lambar gida. Ƙauye. Shekarun mai gida. Mutum nawa ke kwana a gidan. Eka nawa.” Ya ƙirga a yatsu biyar, ya tsaya. “Daga nan sai aladu. A'a, rufin gida ne, kwano ko ganye. Ko kuwa a na biyu ne aka sa rufin? Colin ya canza jerin a zagaye na biyu, ya ce na farko ya yi tsawo.”

“Wannan fa, na sittin da ɗaya?”

Ya kawo fuskarsa dab da gilashin. “Taki ne. Ko kaji. Kaji ma sun mutu sosai a shekarun nan.”

Na tambaye shi lambar ƙauyenmu, ya ce sha huɗu. Na tace layukan. Gida talatin da ɗaya suka rage. Mahaifina yana da shekara arba'in da ɗaya a 1991, mu bakwai ne a gida har da kakata. Layi ɗaya ne ya dace, gida mai lamba 233. A zagaye na biyu ga shi nan, shekara arba'in da huɗu, mutum bakwai. Na bi layin da yatsa, lamba ɗari da tamanin da shida da mahaifina ya faɗa da bakinsa, a ƙofar gidanmu, wataƙila ina tsaye a bayansa. Biyar kawai na iya karantawa. A zagaye na uku, 99 ne har ƙarshe.

“Casa'in da tara fa?” na ce.

“Babu mai amsawa.”

In haka ne, gida ɗaya cikin uku ya watse a shekara shida. Wannan kaɗai ya isa a rubuta littafi. Na faɗa masa haka, ina magana da sauri, har na fara rubutawa a takarda. Ya ɗauki igiyarsa ya ci gaba da tufka.

“'Yar Feleti, ajiye biron nan.”

Na ajiye.

“Zagaye na uku Colin bai zo ba, ta gidan waya ya aiko takardun. Babur ɗin ƙungiya ya mutu, sauran masu tambayar duk sun gudu, saura ni da kekena. Inda na je na tarar an rufe gida, na sa casa'in da tara. Inda mai gida ya ce in ɓace masa da gani da zancen kabewa, na sa casa'in da tara, kuma suna da yawa, wani har kare ya sakar mini. Ƙauyukan can ƙarshen tsibiri kuwa, ban je ba. A nan gindin mangwaron nan na zauna na cike musu casa'in da tara, na mayar da takardun. Babu wanda ya taɓa tambayata sai yau.”

“Za ka iya tuna wanne ne wanne?”

“A jikin takardun nakan sa 'yar alama da fensir.” Ya dubi wajen ayabar, ya dawo da idonsa. “Naku kam na je. Mahaifiyarki ta fasa mini kwakwa na sha, ta ce mai amsawar ba ya nan.”

Na yi masa godiya, na ba shi naman gwangwani da burodin da na kawo. Sauran kwanakin na bi gidajen mutum uku da ya ce sun taya shi aikin. Ɗaya ta rasu, ɗaya yana Amurka, ɗaya ta ce ta daɗe da kunna wuta da nata.

Lahadin ƙarshe, bayan an taso daga coci an ci abinci, gwaggona ta ce in miƙo mata wayarta.

“Tun da kin gano lambar ubanki, sai ki tambaye shi abin da ya faɗa.”

Shekara shida rabon da in ji muryarsa. Yana da wata matar a can, da 'ya'ya manya. Da ni na kira, da ba lallai ya ɗauka ba, amma ba ya ƙin kiran yayarsa. Ta buɗe muryar wayar yadda duk za mu ji, ta ce, “Ga Losa, za ta tambaye ka, ka amsa mata,” ta ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu.

“Feleti,” na ce, don da suna muke kiran iyaye. “Ka tuna Sitaleki ya zo da takarda yana tambayarka a kan kabewa?”

“Na tuna. Sau biyu.” Muryarsa ta tsufa, tana ɗan shaƙewa.

“Ka tuna abin da ya tambaya? A jere?”

Ya yi dariya har ya yi tari. “Shekara nawa yau? Ni dai na san na gaya masa abin da zai yi daɗin ji.”

“Ba gaskiya ka faɗa ba?”

“Losa, ɗan garinku yana tsaye da biro, cocinku ɗaya, matarsa ƙawar matarka. Za ka ce masa ba ka samu komai ba bana? Kowa ƙarawa ya yi. Wanda ya samu da yawa kuma ya rage, kada dangi su ji.”

Na dubi kwamfutar da ke rufe a gefena. Ban yi niyyar tambayar da ta biyo baya ba, fitowa ta yi.

“Me ya sa ka tafi?”



“Ƙasar ce ta mutu. Bayan kabewa na koma doya. Shekara biyu ina dasawa, tana fitowa kamar yatsan hannu. Kwakwar da zan koma wa na sare ta da kaina. Lokacin sabuwar doya ya zo, kowa yana kai wa yayarsa ta fari, ni ba ni da wadda zan sa a kwando in kai wa Meleane. Shekarar farko na saya a kasuwa na kai mata, na ce tawa ce. Ta biyu ban iya ba.”

Gwaggona ta dafa bango ta miƙe, ta fita bayan gida, na ji tana kiran kaji alhali ba lokacin ba su abinci ba ne.

“Tana nan?” in ji shi.

“Ta fita.”

“To. Ki gaishe da yaran.” Ya kashe.

Na koma Canberra na zayyana wa Bronwyn komai. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba, abin da ba halinta ba ne. Na ce zan iya bin gidajen da kaina, in tambayi tsofaffin da suka rage. Ta ɗauko kalanda ta nuna mini. Izinin yin hira da mutane kaɗai zai ci wata huɗu kafin kwamiti ya amince. Sai masu taya ni, sai mota, sai fassara. Wata goma sha shida suka rage mini, kuma masu tallafin ba sa ƙara ko mako. In ban gama ba, haka zan koma hannu wofi bayan na bar yara shekara biyu.

“Kuma ko kin yi,” ta ce a hankali, “abin da mutum ya tuna bayan shekara ashirin da biyar, masu jarrabawa za su ce labari ne. Ni na yarda da mahaifinki. Ba ni zan ba ki maki ba.”

Ta jawo wani littafi mai kauri daga kanta ta ajiye a gabana. Bayanin wani babban bincike ne na manoman alkama a Australiya, shekara talatin ana yi, kowace tambaya da lambarta da ma'anarta, shafi ɗari huɗu.

“Fari da abin da yake yi wa gidajen manoma. Tambayarki ce, an canza mata ƙasa. Ki kai shi gida ki duba.”

Kwana biyu littafin yana kan gadona ban buɗe ba. Rana ta uku na sa hannu a takardar canza batu.

Aikin bai ba ni wuya ba. Na gama kafin lokaci, masu jarrabawa suka yaba, aka buga wani ɓangare a mujalla. Har yau ban taɓa taka gonar alkama ba. Gordon ya adana faifan uku a laburare, ya shigar da su kundin kayansu da bayanin cewa ba a san ma'anar lambobin ba. Ranar da zan tafi ya raka ni har ƙofa, ya ce zai ci gaba da dubawa. Ya yi ritaya a ƙarshen shekarar. Dakta Ferrier ya rasu ina tsakiyar rubutu. Sitaleki ya bi shi wata biyar bayan dawowata, na je jana'izar, na zauna cikin mata muna rera waƙoƙin coci.

Gwaggona ba ta sake tayar da zancen wayar nan ba, ni ma ban tayar ba. Na dai ji daga bakin 'yarta cewa ta aika wa mahaifina doya a jirgi, kuma bai kira ya ce ta iso ba.

Makarantar da na bari ita na koma, aji iri ɗaya, an ƙara mini matsayi ɗaya. A zango na biyu akwai darasi a kan ƙasar da ta dogara da amfanin gona guda ɗaya don sayarwa waje. Rabin ɗaliban da ke gabana jikokin manoman kabewa ne. Jarrabawar ƙarshen shekara tana son misali mai alƙaluma, shekara da shekara, da jadawali. Sai in ce su buɗe shafi na casa'in da huɗu, mu karanta labarin kofi a Brazil.